Babi na Bakwai: Rarrabe 'Yan Kwana Ɗaya Masu Kama da Juna

Arisɗo, babban malamin Yunanawa, ya ambata a cikin talifinsa na dabbobi cewa a wani kogi da suke kira Hifanis, can wajen Bahar Aswad, akwai wata halitta mai fukafukai da ƙafa huɗu wadda ke fitowa a tsakiyar lokacin zafi, ta yi ta shawagi har rana ta karkata, sa'an nan ta mutu da faɗuwarta. Kuma ko da yake ya gaskata a kan gajartar ajalinta, bai dace ba a ƙidayar ƙafafun, domin shida ne kamar na sauran ƙwari, sai dai biyun gaba akan miƙe su sama har mai kallo ya zaci ƙahoni ne. Idan kuwa mutum mai kaifin basira irin wannan ya faɗa cikin shubuha a kan abin da ake ƙirgawa da yatsu, to, ba abin mamaki ba ne waɗanda suka biyo bayansa su shafe ƙarnoni suna saɓani a kan abin da ba a ganinsa sai da madubin ƙara girma.

Waɗannan ƙwari, da malaman halittu ke kira Ephemeroptera, mu kuma muke kiransu 'yan kwana ɗaya, ba shinge ba ne, ko da yake su ma sukan yi dafifi a gindin fitila, kuma ba mazari ba ne, ko da yake su ma a ruwa suke tashi. Alamarsu ita ce fukafukai da suke tsayarwa a miƙe bisa baya idan sun sauka, da zaren wutsiya dogaye biyu ko uku, da baki wanda ya shanye har ba ya cin kome. A shekarar 1758 Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tattara 'yan kaɗan da ya sani duka a cikin jinsi guda, ya sa masa suna Ephemera. Yau kuwa an siffanta nau'o'i fiye da 3,000, an rarraba su cikin dangogi wajen 40, kuma har yanzu ana ƙari.

Asalin wahalar rarrabewa yana cikin yanayin rayuwarsu. Mafi yawan kwanakin ɗan kwana ɗaya a ƙarƙashin ruwa yake yinsu, yana tsutsa mai ƙafa shida da 'yan fallayen numfashi jere a gefen ciki, wani nau'in watanni kaɗan, wani shekara biyu, yana ta yin saɓa sau da yawa. Idan ya fito, ba ya fitowa baligi nan take: yakan fara zama mai fiffike dushi-dushi, da gashi siriri a gefen fiffiken, ya laɓe a ganye na yini guda ko ƙasa da haka, sa'an nan ya sake saɓa ya fito da fiffike garau, cikakken baligi. A duk ƙwarin duniya babu mai yin saɓa bayan ya sami fiffiken tashi sai shi. Sakamakon haka, nau'i guda yana da fuskar tsutsa, da fuskar mai dushi-dushi, da fuskar baligi, kuma a biyun ƙarshe namiji dabam ne mace dabam; saboda haka sau da yawa wani malami ya raɗa wa tsutsa suna a wannan ƙasa, wani ya raɗa wa baliginta wani suna a waccan, aka daɗe ana zaton halitta biyu ce alhali ɗaya ce. Babban aikin da limamin kirista na Ingila, Alfred Eaton, ya wallafa tsakanin 1883 da 1888, wanda har gobe ake komawa gare shi, kashi mai yawa na ƙoƙarinsa warware irin wannan ruɗani ne.

Ɗalibin da ya karanta manɗiƙi a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama an koya masa bambanci tsakanin jinsi da nau'i, da kuma tsakanin fasali, wato siffar da ke raba nau'i da ɗan'uwansa a haƙiƙa, da aradi, wato siffar da ke zuwa ta tafi ba tare da zatin abu ya sāke ba. Ilmin rarrabe 'yan kwana ɗaya gaba ɗayansa neman fasali ne a cikin tarin aradai, kuma abin takaicin shi ne siffofin da suka fi saurin faɗa wa ido, launi da girma, su ne suka fi zama aradi.

Matakin farko ba shi da wuya. A ƙirga zaren wutsiyar baligi: Ephemera da Caenis uku gare su, Baetis da Cloeon biyu. A dubi fiffiken baya: na Ephemera babba ne, na Baetis ɗan mitsitsi ne, Cloeon da Caenis kuwa ba su da shi sam. A dubi gefen fiffiken gaba, inda ake samun gajerun jijiyoyi a tsakanin dogaye: idan biyu-biyu suke, ana wajen Baetis, idan ɗai-ɗai ne, ana wajen Cloeon ko Centroptilum. Da wannan kaɗai mutum yakan kai ga jinsi cikin 'yan mintoci, kuma daga nan ne aikin gaske yake somawa.

Mu ɗauki misali mai sauƙi tukuna. A Birtaniya, inda aka ƙidaya nau'o'i fiye da 50, kuma inda masu kamun kifi da ƙugiya suka daɗe suna lura da waɗannan ƙwari domin su ƙera irinsu da gashin tsuntsu su yaudari kifi, akwai nau'i uku na jinsin Ephemera, dukansu manya, dukansu masu wutsiya uku da ɗigo-ɗigo a fiffike, dukansu tsutsotsinsu masu haƙa rami ne a gindin kogi. Wanda ya hango su suna shawagi ba zai raba su ba. Amma idan aka kama ɗaya aka dubi bayan cikinsa, wanda gaɓa goma ne, sai a ga Ephemera danica fari-fari ne kamar madara, gaɓoɓin gaba kusan babu zane, baƙin zanen ya taru a gaɓoɓin ƙarshe. Ephemera vulgata ya fi duhu, kuma zanensa mai kusurwa uku ya bi gaɓoɓin gaba da baya. Ephemera lineata kuwa, wanda Eaton ya siffanta a 1870, zanensa layuka ne sirara a miƙe. Abin da ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi shi ne zanen yana nan a jikin tsutsa, yana nan a jikin baligi, namiji da mace, kuma mazauni yana yi masa shaida: danica ya fi son rairayi da tsakuwa a ruwa mai tsabta, vulgata ya fi son laka a kogi mai tafiyar hawainiya, lineata kuwa ba a cika samunsa ba sai a manyan koguna kamar Thames da Wye. Sai dai mazauni shaida ce ta ƙarfafawa kawai, ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai, domin kogi ɗaya yakan haɗa laka da tsakuwa a tsakanin taku kaɗan.

Da a ce dukan dangogi haka suke, da wannan babi ya ƙare a nan. Amma dangin Baetidae, wanda yake cikin mafi yawan nau'o'i a duniya, ƙanana ne, galibinsu ba su wuce milimita 10 ba, kuma kusan dukansu launin ganye-ganye ne mai ratsin ƙasa-ƙasa. A nan malamai suka daɗe suna bin ƙa'ida guda, cewa baligin namiji shi ne abin dogaro. Dalili kuwa, namiji yana ɗauke da kayan aiki da mace ba ta da su: dogayen ƙafafun gaba da yake kama ta da su a sararin sama, da hantsaki a ƙarshen ciki, da al'aura wadda biyu ce, da kuma, a wannan dangi, ƙarin idanu biyu da suka tashi bisa ka kamar naɗin rawani, waɗanda yake hango mace da su idan ta ratsa ta saman taron maza. Siffar gaɓoɓin hantsakin, da ko akwai ɗan ƙulli a gindinsa ko babu, da lanƙwasar al'aurar, su ne suka fi tabbata a cikin nau'i, suka fi sāɓawa tsakanin nau'i da nau'i. Launin idon ma yakan yi amfani: Baetis fuscatus da Baetis scambus tsutsotsinsu sun yi kama ƙwarai har gwanaye sukan haɗa su a rubutu, amma namijin fuscatus idonsa rawaya ne, na scambus kuwa ƙasa-ƙasa ne. Illar wannan alama ita ce ba ta jure ajiya, domin da zarar an jefa ƙwaron cikin ruwan sifirit launin yakan fara kodewa, saboda haka wajibi ne a rubuta shi, ko a ɗauki hotonsa, tun ƙwaron yana da rai.

Mace fa? Sau da yawa ba a iya kai ta ga nau'i, kuma littattafan mabuɗi, wato na gane nau'i, masu gaskiya sukan faɗi haka a fili. Akan sami rangwame a wasu wurare, kamar a jinsin Cloeon, inda ƙidayar 'yan jijiyoyin gicciye a kusa da ƙarshen fiffike ke raba dipterum, mai uku zuwa biyar, da simile, mai tara zuwa goma sha ɗaya. Akan kuma fasa cikin mace a fitar da ƙwai a dube shi da madubin lantarki, gama ɓawon ƙwan wasu dangogi yana da zane da 'yan igiyoyin mannewa da suka keɓanta ga nau'i. Wanda ba shi da waɗannan kayan aiki, kuma abin da fitilarsa ta tara mata ne zalla, babu abin da ya dace da shi sai ya tsaya a kan jinsi.

Tsutsa kuwa, ko da yake ita ce aka fi kamawa, tun da tana cikin ruwa kusan duk shekara alhali baligi na 'yan sa'o'i ne, tana da nata sharuɗɗan. Na farko, ta zama ta kusa fita, abin da ake ganewa idan kumburin fiffike a bayanta ya yi baƙi, domin ƙarama ba ta gama bayyana siffofinta ba, kuma mabuɗan an gina su ne a kan manya. Na biyu, a cire fallayen numfashi da sassan baki da ƙafa ɗaya a shimfiɗa su bisa gilashi, a dubi haƙoran muƙamuƙi, da siffar leɓe, da jerin gashin cinya, da ƙananan haƙoran farce. Baetis rhodani, misali, ana saninsa da 'yan ƙayoyi da ke gefen fallen numfashinsa, waɗanda yawancin 'yan'uwansa ba su da su. Amma hujjar da ta fi kowace yanke shakka ita ce reno: a ɗauki tsutsar da ta kusa fita a sa ta ita kaɗai a cikin ɗan keji a ruwa mai motsi, a jira ta fito, a ajiye saɓarta, a bar mai dushi-dushin ya sake saɓa, sa'an nan a haɗa saɓa biyun da baligin a kwalba ɗaya da takarda ɗaya. Aiki ne mai cin haƙuri, yawancin tsutsotsin ma mutuwa suke yi kafin su kai, amma da shi ne kaɗai aka tabbatar a zamanin da cewa wannan tsutsa ita ce wancan baligi, kuma mabuɗan da hukumar nazarin halittun ruwa da ke Windermere ta wallafa, na Kimmins a kan baligai da na Macan a kan tsutsotsi, a kan irin wannan wahala suka ginu.

Kuskure a wannan fanni fuska biyu gare shi, kuma ta farko ita ce raba abin da yake ɗaya. An tabbatar ta hanyar reno cewa zafin ruwan da tsutsa ta girma a ciki yana sāke girman baligi da duhun launinsa, har 'yan uwa ɗaya su fito kamar ba su haɗa kome ba, kuma zuriyar da ta fita a farkon shekara takan fi ta tsakiyar zafi girma. A Amurka masu kamun kifi sun daɗe suna rarrabe wasu ƙwari biyu, wani babba mai duhu da ke riga fita, wani ƙarami mai haske da ke biyo baya, malamai ma suna kiransu vicarium da fuscum, har aka bincika aka mayar da su nau'i guda, sunan vicarium ya tabbata saboda shi ya riga. Akwai kuma malaman da suka yawaita raɗa suna a kan samfuri ɗaya tak, wani lokaci mace ce busasshiya, da siffantawa ta layi kaɗan. Longinos Navás, limamin kirista na ƙasar Sifen, ya yi suna a wannan, kuma na bayansa sun sha wahalar gano abin da yake nufi da sunaye da yawa da ya bari.

Fuska ta biyu ita ce haɗa abin da yake dabam-dabam, kuma wannan ta fi ɓoyuwa, domin mai yinta ba ya jin wata shakka. Baetis rhodani, wanda François Pictet na birnin Janiba ya siffanta a 1843 ya ba shi sunan kogin Rhône, an daɗe ana ɗaukarsa ɗaya daga cikin mafi yaɗuwa a Turai, ana rubuta sunansa daga tsibiran Atlantika har cikin Asiya. Duk tsutsar da aka gani da ƙayoyi a fallen numfashi sai a ce shi ne. A shekarar 2003 Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da dabarar karanta wani ɗan yanki na sinadarin gado, mai haruffa wajen 650, domin a gwada na wannan halitta da na waccan. Kuma da aka bi wannan tafarki a kan rhodani, a wani bincike da aka wallafa a 2006, sai aka tarar sunan ya lulluɓe zuriyoyi da dama masu nisa da juna, wasunsu ma suna zaune a kogi ɗaya. A 2006 ɗin dai aka siffanta Baetis atlanticus daga tsibirin Madeira, daga baya kuma aka gane yana nan a Turai da Birtaniya, an daɗe ana kama shi ana rubuta shi da sunan ɗan'uwansa.

A nan wata mas'ala ta taso wadda na'ura ba ta iya warwarewa: idan zuriyoyin suna da yawa, wacce ce a cikinsu rhodani na haƙiƙa? Ƙa'idar raɗa sunayen dabbobi ta ce suna yana rataye ne a kan samfurin asali da aka ajiye, wanda za a koma gare shi idan an yi jayayya. Da yake ba a sami na Pictet da za a dogara da shi ba, sai malamai biyu na Suwizalan, Gattolliat da Sartori, suka koma yankin Janiba suka kamo sabo, suka siffanta shi dalla-dalla, suka naɗa shi madadin na asali a 2008. A ganina wannan ya isa jawabi ga masu cewa karatun sinadarin gado ya shafe tsohon ilmi. Abin da yake bayarwa shi ne cewa waɗannan biyu sun yi nisa ko sun yi kusa, kuma yana haɗa tsutsa da baliginta, da mace da namijinta, ba tare da reno ba, wanda ba ƙaramar fa'ida ba ce. Amma sunan da ke fitowa daga taskar kwamfuta wani mutum ne ya shigar da shi bayan ya dubi samfuri da idonsa, kuma idan ya yi kuskure, duk mai ƙiyasi a kansa ya gaji kuskuren. Ban da haka, babu wani adadin nisa da aka yi ijma'i a kansa cewa daga nan nau'i ya rabu. Akwai ma inda ƙa'idar namiji kanta ta rushe, kamar Neocloeon triangulifer na gabashin Amurka, wanda mata ne zalla, ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ba tare da barbara ba.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin wannan ƙwaƙƙwafi a kan halittar da ba ta cizo, ba ta cin amfanin gona? Amfanin shi ne waɗannan tsutsotsi ma'auni ne na lafiyar ruwa, kuma nau'o'in jinsi ɗaya ba su daidaita a juriya ba: wani yana jure ƙazanta da ƙarancin iskar shaƙa, wani yana ɓacewa da zarar ruwa ya gurɓata kaɗan, saboda haka mai binciken da ya rubuta sunan mai rauni a inda mai juriya ne ke zaune ya ba kogi shaidar lafiya da bai cancanta ba. A yammacin tafkin Erie na Amurka, tsutsotsin Hexagenia sun halaka bayan ƙarancin iska da ya auku a gindin ruwan a 1953, ba su komo da yawa ba sai cikin shekarun 1990, lokacin da tashinsu ya yi yawa har na'urar hangen yanayi ke ganinsa kamar hadari. Nau'i biyu ne a cikin wannan taro, rigida da limbata, waɗanda ake raba mazansu da al'aura, ta ɗaya miƙaƙƙiya, ta ɗaya mai lanƙwasa. Kuma da wannan alama ce aka gane cewa rigida ne ya fara rinjaye a farkon komowar, daga baya limbata ya karɓe.

A nahiyarmu akwai nau'in da saninsa ba shi da wuya, wato Povilla adusta, wanda Navás ɗin nan ya siffanta a 1912. Tsutsarsa tana huda itacen da ke cikin ruwa, har da na jiragen ruwa, kuma da aka datse kogin Volta a Akosombo, aka datse Kwara a Kainji a 1968, itatuwan da ruwa ya shanye suka zame masa gida, ya yawaita ƙwarai ya zama abincin kifi. A tafkin Biktoriya kuma an lura fitarsa tana bin wata, takan yi yawa kwana kaɗan bayan wata ya cika. Ƙananan Baetidae na kogunanmu kuwa lamarinsu dabam ne. Turawan farko da suka siffanta su sun cusa su ne cikin jinsunan Turai da suka saba da su, saboda kamannin fiffike, har likita Michael Gillies, wanda ya yi aiki a Amani ta ƙasar Tanganyika a kan sauron zazzaɓi, kuma ya san daga can yadda suna ɗaya ke ɓoye nau'o'i da yawa, ya dubi tsutsotsin ya ga na Afirka da ake kira Centroptilum ba su ne na Turai ba, ya kafa musu jinsin Afroptilum a 1990, na bayansa kuma suka ƙara rarraba shi.

Buƙatar wannan sani ta fito fili a lokacin shirin yaƙi da makantar bakin kogi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar daga 1974 zuwa 2002 a ƙasashen Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nijar da Gana, inda aka riƙa zuba magani a koguna daga jiragen sama domin kashe tsutsar baƙin ƙuda mai yaɗa cutar, aka kuma ɗora wa masana nauyin duba ko maganin yana halaka sauran halittun ruwa, 'yan kwana ɗaya na cikin na gaba. Ɗalibin da ya ɗebo tsutsotsi yau a Kaduna ko Gongola, ya buɗe mabuɗin da aka rubuta domin kogunan Ingila, mabuɗin zai kai shi ga wani suna ko ta yaya, domin haka aka gina shi, kowace tambaya reshe biyu gare ta kuma dole a bi ɗaya. Sunan kuwa na halittar da ba ta taɓa zama a Afirka ba ne. Al'adar masana a irin wannan hali ita ce tawakkufi: a rubuta sunan dangi ko na jinsi, a bi shi da lamba, nau'i na 1, nau'i na 2, a zana sassan baki da fallayen numfashi na kowanne, a ajiye samfuran a sifirit mai ƙarfin kashi 80 cikin 100, ko fiye idan ana nufin karanta sinadarin gado, tare da takarda da aka rubuta da fensir, mai ɗauke da sunan kogi da garin da ke kusa da ranar kamu da irin gindin ruwan, laka ne ko tsakuwa ko ciyawa.